Kafin ka ci bashin mota ta biyu, duba agogo

Tambaya: Ina da mota ɗaya da ke kai kaya kantuna, ina yanke kuɗin dako bisa nisan hanya. Cunkoson safe da na yamma ya sa kullum muna makara, riba kuma sai raguwa take yi. In ci bashi in ƙaro ta biyu?

Amsa: Kada ka ci bashin nan, Malam. Ta biyun ma layin za ta shiga ta tsaya, ga bashi a wuyanka. Kuskurenka yana cikin tambayarka: da kilomita kake lissafi, alhali awa ce ke cin kuɗinka.

A ce motar na aiki awa 10 a yini. Sawun da ke cin awa ɗaya da hantsi yakan ci biyu lokacin tashi daga aiki, kai kuwa kuɗi ɗaya kake karɓa. In awa uku ta tafi a tsaye, kusan sulusin yininka ya salwanta. Albashin direba da inshora ba sa jira, inji na shan mai, birki da kuloci na cinyewa. An sha ganin mai mota uku ya durƙushe ta nan, kullum motocinsa na kan titi, sawun da ake biya bai ƙaru ba.

Ka ba direba littafi na wata guda: lokacin tashi, lokacin isa, mintunan jiran sauke kaya. Jiran nan a ƙofar kanti sau da yawa ya fi na titi, ba kuma mai ƙirga shi.

Daga sawu 20 na hanya ɗaya, ware wanda ya fi kowanne daɗewa, ka ɗauki mai bi masa. Da shi za ka yi wa kwastoma alkawari. Mai alkawari da matsakaicin lokaci yakan makara kusan rabin tafiyarsa, domin haɗari ɗaya ko ruwan sama ya isa ya rushe jadawalin yini.

Titin da ya kusa cika, motoci kaɗan ke toshe shi, shi ya sa sammakon minti 30 kan ceto fiye da haka. A yi lodi tun dare. Wanda ya nace sai lokacin cunkoso, ƙara masa kuɗi, wanda ya yarda da hantsi ka yi masa rangwame. Ba sabon abu ba ne: Singafo ta fara cajin shiga tsakiyar gari a lokacin cunkoso tun 1975, Landan ta bi a 2003.

In bayan watan littafin ya nuna kana mayar da aiki don rashin mota, dawo mu yi maganar ta biyu.