Ga mai tambaya kan tallafin 'yan gudun hijira a Maraɗi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce yayarka ta tsallaka Nijar da yara huɗu daga wajen Sabon Birni, wani kuma ya nemi ta ba shi jaka biyar ya sa sunanta a jerin masu karɓar kuɗi. Kada ta ba shi ko dala. Rajista kyauta ce, kuma ba a yi wa mutum ita a bayan idonsa.

A 2019, da mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka fara kwararowa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, gwaggona na cikinsu, ni na yi ta kai-komo da ita a yankin Gidan Rumji. Ma'aikatan HCR, wato hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da na gwamnatin Nijar ne ke zama, su ɗauki hoton kowa da zanen yatsunsa, sannan a ba da takardar shaida. Gwaggo sai da aka goge mata yatsu sau uku kafin na'ura ta karɓa, ƙotar fartanya ta cinye zanen. Kuskurenmu ɗaya: ranar an aiki jikanta ɗebo ruwa, ba a ƙirga da shi ba. Rabo kuwa da yawan kawuna ake yinsa, muka shafe watanni muna bin gyara. To yayarka ta tattara yaran nan kaf, har na goye.

Batun kuɗi, ta rage buri, ba albashi ba ne. PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ce ke rabon abinci, wani lokaci hatsi da mai, wani lokaci kuɗi, kuma tun da Amurka ta zaftare tallafin ƙasashen waje a 2025 abin ya ƙara ja baya.

In an yi mata tayin komawa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau ko Cadakori, ƙauyukan da ake tsugunar da 'yan gudun hijira, ni dai shawarata ta karɓa. An zaɓe su ne don suna nesa da iyaka, ga makaranta, ga famfo, ga ɗakin shan magani. Gwaggo ta ƙi da farko, wai ba ta son yin nisa da gonarta, sai da aka kore shanun maƙwabta cikin dare ta ce a nemo mota.

Takardar in yayarka ta samu, ta naɗe ta a leda saboda damina, kai ma ta turo maka hoton takardar ka ajiye a waya.