Tsoron fim daban, tsoron gaske daban

'Yar uwa, kin tambaya me ya sa kike jin daɗin fim ɗin ban tsoro, alhali ƙarar fashewar taya kaɗai kan sa jikinki ɓari.

A jiki, mafarinsu ɗaya ne. Wani ɗan ɓangare na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala ne ke fara ankarar da jiki, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Sai dai a gaban talabijin hankalinki ya san kina ɗakinki, rimot na hannunki, kina iya kashewa duk lokacin da kika so. Kamar tatsuniyar Dodo ce da daddare a tsakar gida: muna maƙale da zanen kaka, tana cewa ƙurunƙus kowa ya yi ajiyar zuciya.

Tsoron gaske ba shi da ƙurunƙus. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da bama-bamai suka tashi a Kano, ina hanyar gida bayan la'asar. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, bakina ya bushe ƙamas, salati kawai nake yi. Na yi watanni in an buga ƙofa da ƙarfi sai na zabura.

Idan naki ma ya kai haka, ya hana ki barci ko fita fiye da wata guda, don Allah ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Ki dage da addu'a, ki kuma dakata da kallon finafinan nan da daddare tukuna.