Amsa kan saukar aikin ƙoda bayan fara maganin yawan aldosteron

Assalamu alaikum ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce an gano kana da ciwon yawan aldosteron, an ɗora ka a kan sipironolakton, hawan jinin ya lafa, amma gwaji ya nuna kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau, eGFR kuma, lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, ya sauka, shi ne kake tambaya ko maganin ne yake cin ƙodarka. Na daɗe da wannan lalura da ake kira ciwon Conn, kuma abin da ka gani na gan shi, saboda haka ina roƙonka kada ka ajiye maganin kafin ka ga likitanka.

Aldosteron sinadari ne da ke fitowa daga adirinal, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda, aikinsa kuwa shi ne ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da potasiyom ta fitsari. Idan ya yi yawa, jini yakan shiga ƙananan matatun ƙoda da ƙarfin da ya wuce kima, sai su riƙa tacewa fiye da ƙa'ida, takardar gwaji ta fito da lamba mai kyau alhali ƙodar tana jigata. Da zarar magani ya tare aldosteron, ko an cire adirinal mai ciwon da tiyata, matsin yakan ragu, sai ainihin ƙarfin ƙodar ya bayyana. Galibi a watannin farko ake ganin saukar, daga nan lambar takan tsaya wuri guda.

Kafin a gano nawa, barci ba ya nisa sai fitsari ya tashe ni, sharaɓata tana ɗaurewa da dare, fitsarin kuma da kumfar da ba ta saurin bajewa. Gwaji ya nuna furotin ne yake zurarewa. Bayan na fara magani eGFR ɗina ya sauka, amma furotin ya ragu sosai, wannan kuwa shi ne ya kwantar wa likitana da hankali.

Game da sinadaran, kada ka damu idan aldosteron bai sauka ba, domin sipironolakton ba ya hana jiki fitar da shi, hana shi aiki kawai yake yi. Renin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don daidaita hawan jini, shi ne abin dubawa. Ciwon yakan danne shi, farfaɗowarsa kuma alama ce cewa adadin maganin ya wadatar. A ganina, wanda ake auna masa hawan jini kaɗai ba a duba renin, bai samu cikakkiyar kulawa ba.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne potasiyom, domin kafin magani ƙarancinsa ake tsoro, yanzu kuwa yawansa, musamman ga ƙodar da ta raunana, kuma yawan nasa yana iya taɓa bugun zuciya ba tare da gargaɗi ba. Ana so ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0. Ka guji magungunan rage ciwo na diklofenak da ibuprofen, da gishirin da aka haɗa da potasiyom, idan kuma amai ko gudawa suka kama ka, ka sanar da likita a ranar. In kiriyatinin ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari, ko eGFR ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, ka nemi a tura ka wurin likitan ƙoda, ka tafi da duk takardun gwajinka na kafin fara magani.