Hukuncin nuna wa ɗalibai fim ɗin Klip don a tsoratar da su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a sakandaren 'yan mata. Wasu ɗalibanmu suna ɗaukar kansu bidiyo da waya suna tura wa samari. An ba ni labarin wani fim na ƙasar Sabiya, Klip, wanda ya taɓo wannan matsalar. Ina so in sauke shi, in yanke wuraren batsa, in nuna musu sauran ko za su tsorata. Wani ya ce min hoto ba ainihin al'aura ba ne. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya saka miki da alheri kan kishin yaran nan. Sai dai bai halatta ki sauke shi ba, balle ki nuna.

Haramcin kallon al'aura sananne ne. Abin da ya kamata ki lura da shi wani ne daban. Fim ɗin ya fito a 2012, Maja Miloš ce ta ba da umarni, ya ci kyauta a bikin finafinai na Rotterdam, Rasha kuma ta hana nuna shi. Yarinyar da ta ja fim ɗin shekararta 14 lokacin ɗauka, sa'ar ɗalibanki ce. Masu fim ɗin sun ce manya aka sa a madadinta a wuraren tsiraici. Wannan bai warware komai ba: babbar da aka sa ita ma al'aurarta aka buɗe, mai kallo kuwa yarinya aka nufa ya gani. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ma ta haɗa da wanda ya yi kama da ƙaramin yaro a hoton batsa, don haka ajiye shi a wayarki kaɗai na iya jefa ki cikin matsala.

Maganar cewa hoto ba al'aura ba ne tana da tushe, amma an ɗauke ta daga muhallinta. Wasu malaman Shafi'iyya sun ce ganin surar mace a madubi ko a ruwa ba ganinta ba ne, sai dai sun gindaya sharaɗin rashin sha'awa da amincewa daga fitina. Hanafiyya kuwa sun tattauna ta ne a babin surukuta: shin irin wannan ganin yana haramta aure? Babu wanda ya yi nufin halatta zama a kalli alfasha da aka shirya da gangan. Kuma a Bukhari Annabi (SAW) ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta. In siffantawa da baki ta haramta, ina ga bidiyon da ake tsayarwa, a maimaita, a zuƙo? Ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, wadda mazhabar Malikiyya ta yi fice da ita, ta isa a nan.

Yankewar ma ba mafita ba ce. Kafin ki yanke sai kin kalla duka. Kuma da zarar yara sun ji sunan fim ɗin, a daren za su nemo cikakkensa. Kada ki ambace shi a aji.

Ki koya musu yadda asiri ke tonuwa. Hoton da aka tura a WhatsApp don a gani sau ɗaya, ana ɗaukarsa da wata wayar. Wanda aka goge yakan rage a Google Photos in ajiyar tana kunne, ko a kwandon shara na wayar har wata guda. Mai gyaran waya yana iya buɗe komai in an ba shi lambar sirri. Saurayin da ya roƙa yau shi ne mai barazana gobe.

In bidiyon wata ya riga ya fita, kada ki kalla, kada ki tura wa kowa, ko shugabar makaranta, faɗa mata da baki ya wadatar. Kada a kira sunanta a taron ɗalibai. Ki fara samun mahaifiyarta a keɓe, a adana lambar mai barazanar da saƙonninsa, a kai wa hukuma, kuma kada a biya shi ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Yarinyar kuma kada a bar ta ita kaɗai a kwanakin farko, a riƙa tuna mata ƙofar tuba a buɗe take.

Allah ne Mafi sani.