Filash Ɗina Na Nawa A Wurin Biki, Wane Batir Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni mai ɗaukar hoton biki ne. In ana dina a cikin zaure, sai na danna sau biyu ko uku filash bai kawo wuta ba, musamman lokacin liƙi. Batiran alkalin nake sa masa, sababbi fil. Me zan canza?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, filash ɗinka lafiyarsa ƙalau, batiran ne ba su dace da aikin ba.

A cikin filash akwai wata ma'ajiyar wuta da ake kira kafasita. Batiran AA huɗun nan su ke cika ta har kusan bolt 300, kana dannawa ta juye, sai a sake cikawa. Jiran da kake yi ke nan. Abin dubawa shi ne saurin da batir ke iya turo wuta, kuma a nan alkalin ke gazawa. Ko sabo ne yakan ɗauki kamar daƙiƙa huɗu in ka harba da cikakken ƙarfi, yana raguwa yana ƙara nawa. Batiran tocila masu arha kuwa, kada ma ka ɓata kuɗinka.

Sayi masu caji, nau'in NiMH. Za ka ga an rubuta bolt 1.2 maimakon 1.5, kada wannan ya ruɗe ka, sun fi alkalin sakin wuta, jiran yakan dawo daƙiƙa biyu zuwa uku, kuma haka za su riƙe har su kusa ƙarewa. Ni eneloop na Panasonic nake ba da shawara. Farin yana da kusan mAh 2000 (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), baƙin (eneloop pro) kusan 2500, sai dai farin ya fi jure yawan caji nesa ba kusa ba. Jabu sun yi yawa a kasuwa, duk AA da ka ga an rubuta masa mAh 4000 ko fiye, ƙarya ce.

Lithium na AA marasa caji ba su da nauyi, suna daɗewa, amma suna zafi in ana harbi a jere, har Canon ta hana sa su a wasu filash ɗinta.

Ka tanadi saiti uku, ka yi wa kowane huɗu alama ɗaya, kada ka gauraya tsoho da sabo. Nemi cajar da ke cajin kowane batir daban.

Sannan ka sassauta wa filash ɗin. In ka ɗaga ISO, wato saitin yadda kyamara ke jin haske, daga 200 zuwa 800, rubu'in hasken kawai yake buƙata, sai ya riƙa cika kusan nan take. In rufin zauren na da tsawo, daina harba haske sama, wuta kake ƙonawa a banza. In kuma aiki ya buɗe maka, filash ɗin Godox V860 mai batirin kansa na cika cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Kafin amarya ta shigo dai, sa sabon saiti.