Masu ƙyamar kalmomin aro a Ingilishi

Malam, ka tambaya ko Ingilishi ya taɓa samun masu ƙyamar kalmomin aro. Ƙwarai kuwa. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin harshen, daga baya malamai suka ƙaro na Latin da Girkanci. A ƙarni na 16 gardama ta yi zafi. John Cheke, malamin Girkanci a Jami'ar Kambirij, ya dage a riƙa rubuta Ingilishi tsantsa, har ya gwada hakan a fassararsa ta Linjilar Matta. Malamin Girkanci fa, ka ji! William Barnes, wani marubucin waƙoƙi ɗan Ingila, ya sake gwadawa a ƙarni na 19, amma jama'a ba su karɓi kalmomin da ya ƙirƙiro ba.