Ummi, kafin ki biya kuɗin wani kwas ɗin

Ummi 'yata, saƙonki ya iso, barka da kammala bautar ƙasa, Allah ya sanya albarka. Kin ce kin fito daga BUK da sakamako mai daraja ta ɗaya a kimiyyar kwamfuta, kina neman digiri na biyu a nan Ingila, kina kuma tambaya ko ki biya kuɗin wani kwas na nazarin bayanai a watannin da suka rage miki a Kano, don takardunki su ƙara nauyi. Ni dai shawarata ki riƙe kuɗinki. Takarda kina da ita. Abin da ke damuna game da ke shi ne bakinki, domin tun kina ƙarama idan babba ya yi magana sai ki sunkuyar da kai ki ce "to", ko da kin san ba haka abin yake ba.

A gidan Yaya wannan tarbiyya ce, kuma ba na raina ta. A nan kuwa wata fassarar ake yi mata. Digiri na biyu a yawancin jami'o'in ƙasar nan shekara ɗaya ne cur, ana cin jarrabawa da maki 50, mai 70 shi ne ya yi zarra, kuma wani kaso na makin daga aikin rukuni yake fitowa da tsayawa gaban aji a yi bayani. Za a haɗa ki da mutum huɗu ko biyar, wata daga Sin, wani daga Indiya, wani ɗan ƙasa, a ba ku aiki ɗaya da ranar miƙawa. A wasu darussan ma kowa sai ya rubuta irin gudunmawar da abokan aikinsa suka bayar. To a nan yaranmu suke cutuwa. Yarinya ta fi kowa sanin aikin, amma a wajen tattaunawa ta yi gum. Wani ya kawo gurguwar shawara, ta yi masa kawaici. Wani ya ƙi yin nasa kason, maimakon ta tunkare shi, sai ta kwana tana yi masa. Ranar bayani mai kaifin baki ya tashi ya kwashe yabon, ita kuma a rubuta cewa ba ta cika sa baki ba. Babu wanda ya zalunce ta da gangan. Su a wurinsu wanda ya yi shiru ya yarda ne, ko kuma ba shi da abin faɗa.

Haka abin yake tsakaninki da malamai. Malami yakan ware sa'o'i a mako ya zauna a ofis yana jiran ɗalibai, kuma da sunansa na yanka za ki kira shi (har yau bakina nauyi yake yi). Idan ba ki gane ba ki je ki ce ba ki gane ba, matambayi ba ya ɓata. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta hana ki gama aiki, akwai hanyar neman ƙarin lokaci, amma a rubuce ake nema, kuma tun kafin ranar ta zo ya fi. Kika bari ta wuce sannan kika zo da ban haƙuri, kwamfuta ta riga ta zaftare makin, kuma ba ta san "don Allah Malam" ba.

Batun lokaci ba sai na ja shi ba. Ƙarfe tara ƙarfe tara ce, ba irin ta katin ɗaurin aure ba.

Kin ambaci Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya. Ki duba abin da suke nema: gogewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, kuma aikin sa kai yana shiga lissafi. Sai rubuce-rubuce huɗu, na farko a kan jagoranci da iya shawo kan mutane, na biyu a kan ƙulla hulɗa da riƙe ta, sannan karatun da kika zaɓa da abin da za ki yi da shi in kin dawo gida. Masu daraja ta ɗaya da yawa suna nema kowace shekara, don haka ba makinki ne zai bambanta ki ba. A wajen intabiyu, na tallafi ko na aiki, tambayar takan zo ne kamar haka: ba mu labarin ranar da kika saɓa da abokin aiki, me ya faru, me kika yi, yaya aka ƙare? Mu kuma an raine mu a kan yabon kai jahilci, sai mu yi ta cewa "mun yi, mun shirya". Nakan zauna cikin masu tantance sababbin ma'aikata a inda nake aiki, kuma ina gaya miki, duk abin da aka ce "mun yi" ba a ba mutum makinsa. Ki faɗi abin da ke kika yi, ba ƙari ba ragi. Wannan ba fariya ba ce, shaida ce kike bayarwa.

Kada ki ɗauka sai kin zo Turai za ki koyi waɗannan abubuwan. Makarantarsu tana nan a shagon Babanku a Kwari, ku ne dai 'yan boko kuke raina ta. Ki roƙi Yaya ya bar ki ki riƙa zama kwana biyu a mako. Ki lura da yadda babban yaron shagon yake gane mai sari da mai zagayen ganin gari tun kafin su yi magana. Ki ji yadda yake cewa "albarka" idan an yi mummunan tayi, ya ƙi sayarwa amma a rabu ana dariya, mutumin kuma ya dawo gobe. Ki ga yadda ake bin bashi a wurin kwastoman shekara goma ba tare da an ɓata ba, da yadda ake fahimtar juna da baƙo daga Chadi ko Kamaru da rabin Hausa rabin hannu. Abin da kamfanonin nan suke biyan kuɗi a koya wa ma'aikatansu ke nan a otal. Ke da kika iya kwamfuta, ki karɓi littafin bashin shagon ki mayar da shi kan na'ura, ki shawo kan waɗanda za su ce ba su saba ba har su yarda su yi amfani da shi. Idan kika iya wannan, kin samu labarin jagoranci na gaske da za ki rubuta, ya fi "na taɓa zama monita". Ki kuma nemi aji ɗaya a Islamiyyar unguwarku ki koyar da lissafi ranar Asabar. Wadda ta tsaya gaban yara arba'in suka saurare ta, Turawa biyar ba za su kaɗa mata hanji ba.

Na san abin da Mamanki za ta ce, kada a mayar mata da 'ya fitsararriya. Ki gaya mata ni Gwaggonki ban cire mayafina ba, ba na kuma musabaha da maza. Hannu nake ɗorawa a ƙirji in yi murmushi in gaisa tun kafin a miƙo, magana ta ƙare. Lokacin salla kuwa tun makon farko na gaya wa shugabar sashenmu, muka tsara hutuna a kai. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa, amma babu mai karanta abin da ke zuciyarki, sai kin nema.

Lokacin ma a ƙure yake. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin zango. Izinin zama bayan kammalawa, da aka fara a 2021, shekara biyu ne, kuma an mayar da shi wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Manyan kamfanoni kuma suna buɗe ɗaukar sababbin masu digiri ne wajen Satumba da Oktoba, wato daidai lokacin da kike sauka daga jirgi kina neman rigar sanyi.

Ki rubuto mini labarai uku na abin da kika yi a wajen bautar ƙasa, kowanne rabin shafi. Ranar Lahadi bayan La'asar ɗinku zan kira ki ta bidiyo in yi miki tambayoyi da Turanci, ki kuma shirya kallon idona. Ki gaida Yaya da Mamanki da su Abba.

Gwaggonki, daga Leeds